Gyara misalan littafi ko kawo lissafin gona da kasuwa cikin aji: wanne malami zai ɗauka?

Tun da aka dawo hutu wani sabon malami da aka turo mana yake bina da tambaya ɗaya. Ya je taron bita an ce musu a riƙa koyar da lissafi da abin da yara suka sani a garinsu, an kuma yi ta ambaton wata kalma wai modelin, ya dawo kansa ya ɗau zafi. Ya same ni gindin darbejiya lokacin tara ya ce "Malam, ni fa ban gane ba, cewa ake in ajiye littafi ko kuwa in riƙe shi in ɗan yi masa gyara?" Na ce masa hanyoyi biyu ne mabambanta, kuma duk na gwada su a ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a wani ƙauye nan yankin Auyo, don haka bari in baje su yadda na gan su, mai son zaɓa ya zaɓa.

Da farko shi modelin ɗin nan ba wani dodo ba ne. Ka ɗauko matsala ta gaske wacce ba wanda ya rubuta maka ita a takarda, ka zauna ka yanke me za ka ƙirga me za ka bari, ka mayar da ita lambobi ko ikweshon ko giraf, ka warware, sannan ka koma ka duba ko amsar ta yi kama da abin da ke faruwa a zahiri, in ba ta yi ba ka sake lale. Duk dillalin da ya kalli sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ce zai yi kaza bayan kiwon wata uku, abin da yake yi kenan a ka, rubutawa ce kawai bai yi ba.

Hanya ta farko ita ce wadda yawancinmu muke yi, wato ka riƙe tambayar littafi yadda take sai ka canza mata riga. Inda aka ce wani John ya sayi tuffa ka ce Audu ya sayi goruba, inda aka ce a nemo yawan ruwan wurin ninƙaya na otal ka ce rijiya ko tankin masallaci, inda aka ce jirgin ƙasa ya tashi daga wani birni ka ce mota ce ta tashi daga Haɗeja za ta Kano. Kuma kar wani ya raina wannan, yana aiki sosai. Yaron da ke fama da Turanci ga kuma lissafi, in ka ɗauke masa nauyin hasko abin da bai taɓa gani ba, ka rage masa rabin wahala. Ba ta cin ko sisi, tana shiga cikin minti 40 na darasi, ba ta taɓa maka sikim, wato jerin batutuwan da aka tsara a koyar a zango, aji ko ya kai yara 80 za ka iya yinta da alli da allo kawai, in masu duba makarantu suka zo suka buɗe littafin shirin darasinka za su ga komai na tafiya daidai da manhaja. Sannan siffar tambayar tana nan irin wadda yaro zai tarar a jarrabawar BECE ko NECO ko WAEC, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka da kiredit ɗin lissafi zai iya tsare shi a ƙofar makarantar gaba.

Amma inda take da rauni, wani yaro ɗan aji biyu ne ya nuna min. Na rubuta a allo, mutum 4 sun nome gona a kwana 6, mutum 12 kwana nawa za su yi? Kowa ya ce 2, na ce madalla. Sai ya ɗaga hannu daga can baya ya ce "Malam, in gayya ce ba za su gama a kwana biyu ba, in an yi yawa hira ake yi, wasu sai an kawo fura suke dagewa, kuma ai ya danganta ko ƙasa ta jiƙa." Aji ya fashe da dariya, ni kuma na tsaya, don wallahi yaron ya fi tambayar gaskiya. Tambayar ta ɗauka kowa ƙarfinsa ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ba mai hutawa, kuma ba wanda ya faɗa wa yaran cewa an ɗauki hakan. To gano irin wannan zaton da aka ɓoye shi ne zuciyar modelin, kuma hanya ta farko ba ta koyar da shi, hasali ma koya wa yaro take ya ajiye hankalinsa na gida a bakin ƙofa, ya ɗauki lambobin da aka ba shi ya cusa a fomula. Sunan Audu ne a ciki amma rayuwar Audu ba ta ciki. Audun gaske in ya je sayen kankana 20 ba zai biya kuɗin ɗaya sau 20 ba, zai yi ciniki a yi masa farashin sari, a ƙarshe ma ya nemi gyara.

Hanya ta biyu ita ce ka kawo matsalar ɗanyarta. Bari in ba da wadda na fi jin daɗinta, da 'yan aji uku a zangon farko, lokacin kaka ana ta cire wake. Tambaya ɗaya tak na rubuta: manomi yana da buhu 10 na wake, ya sayar yanzu ko ya ajiye zuwa bazara? Ban ba su lamba ko ɗaya ba. Minti biyar aka yi tsit, sai ƙorafi, Malam ai ba ka ba mu komai ba. Na ce to me kuke buƙata? Nan aka fara, wannan ya ce farashin yau, waccan ta ce farashin bara da bazara, wani ya ce ƙwari, ai wake ba ya ajiyuwa haka nan, wani ya ce magani, wata ta ce akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya barin iska, PICS, babanta shi yake amfani da shi ba ya sa magani. Muka cika allo da abubuwa sun fi goma, sannan muka yi gardamar wanne za mu riƙe, muka zubar da kuɗin mota da na dako da la'ada saboda ko yanzu ko bazara sai an biya su.

Lambobin da zan sa a nan misali ne kawai don a ga yadda aikin yake, kowa ya sa na kasuwarsu. Mu ce buhu naira 60,000 da kaka, buhu 10 kenan 600,000. Mu ce da bazara ya kai 80,000. In a buhun gargajiya aka ajiye, yaran suka ƙiyasta ƙwari za su ɓata tiya 4 cikin tiya 40 da muke lissafa wa buhu a wajenmu, wato buhu 9 za su rage, ga magani na 10,000, kuɗin da zai shigo 710,000. In a PICS ne, mu ce kowane 3,000, an kashe 30,000, ba asara, 770,000. Har nan ƙari da ragi ne. Inda abin ya yi daɗi shi ne da na ce to farashi sai ya kai nawa kafin ajiyar ta biya kanta? Da kansu suka sa harafi a madadin farashin da ba a sani ba, 10 sau p a cire 30,000 ya zama 600,000, p ya fito 63,000. Na buhun gargajiya kuma 9 sau p a cire 10,000, ya fito kusan 67,800. Ikweshon ɗin da na yi shekaru ina rubutawa a allo yara na kallona kamar ina yaren China, ga shi sun gina shi da hannunsu don suna son amsar.

Kuma ba a nan aka tsaya ba. Wata yarinya mai shiru-shiru ta ce "Malam, Baba ba don farashi yake sayarwa da kaka ba, bashin taki ake binsa, kuma in ya rage kuɗi tunkiya yake saya wa Inna ta kiwata zuwa Sallah." Kun ga ta rushe mana lissafin gaba ɗaya, kuma daidai ta yi, domin kuɗin da ke kwance a cikin buhu wata biyar da zai iya yin wani aikin. Wani ya ƙara da cewa akwai shekarar da farashi ya faɗi maimakon ya tashi, masu ajiya suka tafka asara. Sai muka koma muka yi jadawali uku, in ya tashi, in ya tsaya, in ya faɗi. Wannan komawar a gyara ita ce abin da ba za ka taɓa samu a hanya ta farko ba, komai kyan sunan da ka sa.

To amma in faɗa muku tsadarta, don masu bita ba su cika faɗa ba. Sati uku wannan aikin ya ci, darasi biyu kowane sati, kuma sikim bai san da zamansa ba, sai da na ci bashin wasu batutuwa na biya daga baya da gudu. Wani jami'i da ya zo dubawa ya tarar da aji na hayaniya rukuni-rukuni ya ɗauka ba a koyarwa, sai da shugaban makaranta ya sa baki. Yaran da na tura tambayar farashi ranar kasuwa, wani ɗan kasuwa ya kore su, yana zaton masu haraji ne suka aiko su, tun daga nan nake fara zuwa da kaina in gaida sarkin kasuwa in yi masa bayani, in kuma roƙi mutum biyu ko uku da suka yarda a tambaye su. Ga wahalar maki, don rukuni shida za su kawo amsa shida kuma ta yiwu huɗu duk daidai ne gwargwadon abin da suka ɗauka, sai ka duba hujjarsu ba lambar ƙarshe ba. A aji mai yara 80 kuwa, in ba ka yi hattara ba yara goma ne za su yi aikin saura su zama 'yan rakiya. Sannan dole malami ya iya cewa ban sani ba, mu bincika, wanda ba kowa ke iya furta shi a gaban yara ba.

Akwai wani kuskure da na yi da nake so kowa ya kiyaye. Karon farko cewa na yi kowa ya tambayo buhu nawa aka samu a gidansu bana. Washegari wasu ba su zo ba, wasu suka zo suka sunkuyar da kai. Bahaushe ba ya faɗar abin da ke rumbunsa, kuma yaron da gidansu ba a samu ko buhu biyu ba ka tsayar da shi gaban wanda suka samu hamsin, ka ci masa fuska ne ba ka sani ba. Tun daga ranar manomin namu ba shi da suna, wani manomi ne kawai, farashi da awo ake tambayowa ba sirrin gida ba. Koyarwa da al'adar mutane ta haɗa da sanin abin da ba a tambaya.

Haka batun 'yan mata. Iyaye da yawa ba za su yarda a tura 'yarsu budurwa yawon tambaya cikin kasuwa ba, kuma ba sai an yi jayayya da su ba, don lissafin da ke cikin gida ya ishe su. Matar da ke ƙuli-ƙuli ta san tiya nawa na gyaɗa ke ba ta kwalba nawa na mai, nawa ta biya inji, nawa itace ya ci, kuma 'yarta ta fi kowa sanin wannan. Ga adashi, mata 10 suna zubin 1,000 duk sati, kowa ta kwashi 10,000, to wa ta fi cin riba, ta farko ko ta ƙarshe, in gyaɗa na ƙara tsada kowane wata? Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba sai ka ga ita ke jan rukuni. Sai dai ina kiyaye kada abin ya zama kamar ina yabon talla ne, lissafin sana'ar nake so, ita kuma yarinyar a aji nake son ganinta.

Wasu za su ce ai mafi sauƙi a ɗauko rabon gado da zakka. Ina amfani da su kuma suna da kyau ƙwarai wajen koyar da kashi-kashi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza 2 da mace 1, mata tumuni, uwa sudusi, a kasa dukiyar 120, mata 15, uwa 20, saura 85, maza 34 kowanne, mace 17. Yaran da ke Islamiyya da yamma idonsu har ƙyalli yake in sun ga abin da suka haddace ya shigo ajin boko. Nakan gaya musu cewa Alkhawarizmi na Bagadaza, wanda daga littafinsa kalmar aljabra ta fito a ƙarni na 9, babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ne, kuma wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741, don su san lissafi ba kayan aro ba ne. Amma a gaskiya rabon gado shi kaɗai ya fi kusa da hanya ta farko, tunda ƙa'idojin a yanke suke ba abin da yaro zai zaɓa. Modelin yana shigowa ne a inda dukiyar ta zama gona mai fadama a gefe ɗaya da jigawa a ɗaya gefen, da shanu uku da ba girmansu ɗaya ba, ya za a ƙiyasta? Haka zakkar hatsi, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa, nisabi wusuƙi 5 wato sa'i 300, to sa'i 300 tiya nawa ne a kasuwarmu? Nan sai an kawo kwano an auna. Kuma ni ba na ba da fatawa a aji, in tambaya ta wuce lissafi malamin addinin makarantarmu nake kira.

Shi kuma kuɗin ruwa da ke cikin manhaja, wanda iyaye ke ƙyama, ba na ɓoye shi ba na kuma yi masa ado. Nakan ce musu zai fito a jarrabawa, kuma wanda bai iya lissafa shi ba shi ake cuta da shi. Wannan batun hanya ta farko nake bi da shi, a yi a wuce.

Abin harshe ma ya bambanta. A hanya ta farko kana iya tsayawa kan Turanci ka ɗan fassara. A ta biyu in ka hana Hausa ka kashe aikin, don gardamar nan ta ƙwari da bashin taki ba za ta fito da Turancin ɗan aji uku ba. Ni dai a yi muhawara da Hausa, in an zo rubutawa a sa kalmomin da jarrabawa ke amfani da su, tunda takardar da Turanci za ta zo. Masana ma sun daɗe da magana a kan lissafin da al'umma ke yi a sana'arsu, wani ɗan Barazil, Ubiratan D'Ambrosio, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan fanni, amma a ajinmu ba sunan fannin ke damuna ba, ko yaron zai buɗe baki shi ne damuwata.

To wa zai ɗauki wanne? In sabon malami ne kai, ko ajinka ya cika maƙil, ko 'yan aji uku ne a zango na biyu jarrabawa ta ƙarato, riƙe hanya ta farko ba tare da jin kunya ba, sai dai ka ƙara mata abu ɗaya da ba ya cin minti biyar: bayan an samu amsa ka tambaya, a garin nan haka abin zai kasance? Me tambayar ta manta? Wannan kaɗai yana buɗe ƙofar. In kuwa 'yan aji ɗaya ko biyu ne, ko ajin farko na babbar sakandare, kuma shugaban makaranta ya fahimce ka, yi hanya ta biyu sau ɗaya a zango, kar ka wuce haka, guda ɗaya mai kyau ta fi biyar na gaggawa. Kuma ka bi kalandar gari ba ta littafi kawai ba. Zangon farko kaka ce, ajiya da awo da zakka. Zango na biyu noman rani ne, mu nan da ke da ruwan kwarin Haɗeja, ko mutanen Kura da Kadawa da Bunkure da ke shan ruwan Tiga, ga tambaya a ƙofar gida: injin ban ruwa mai fetur ko mai sola? Ɗaya arha wajen saye tsada kullum, ɗaya tsada rana ɗaya sannan sauƙi, layi biyu a giraf da za su haɗu a wani wuri, yara su nemo bayan wata nawa. Zango na uku kuwa da ruwa ya sauka rabin aji na gona, kar ka fara dogon aikin rukuni, ba za ka gama ba.

Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a yi ta biyun rabi-rabi, a fita da yara gona a yi yawo a dawo ba a rubuta ikweshon ko ɗaya ba. Na ga masu yin haka, yara sun ji daɗi amma ba lissafi a ciki. In an fita dole a dawo da lambobi, dole a zauna a kansu, dole a ƙarshe ka nuna musu cewa abin da suka gina shi ne wanda ke shafi kaza na littafi, ka ba su tambayoyin jarrabawa uku ko huɗu masu irin siffar su yi a gida.

Shi sabon malamin namu 'yan aji ɗaya aka ba shi. Ya ce zai fara da gyaran misalai har tsakiyar zango, sannan ya gwada guda ɗaya ƙarama: katangar bayan makaranta da ruwan bara ya kayar, bulo nawa za ta ci, siminti buhu nawa, kuma in da tubalin ƙasa za a yi nawa za a rage. Ya riga ya yi magana da wani magini a gari ya yarda zai shigo aji ranar Laraba yara su yi masa tambayoyi, ni kuma na ba shi aron tef ɗina da igiyar awo.